Fitila Mai Ruwan Ɗorawa a Tirelar Ƙanena

Shekarar da na bar karanta labarai a gidan rediyo ita ce shekarar da aka ba ƙanena makullin wata tirela 'yar Beljiyam, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan sun yi aiki a can. Hatsi yake ɗauka daga Gombe zuwa kudu, ya dawo da abin da ya samu. Motocin da ya tuƙa a baya tsofaffi ne masu baƙin hayaƙi, waɗanda da kunne ake gane ciwonsu. Wannan ba ta hayaƙi, kuma a bayan sitiyarinta akwai allo mai nuna hotuna.

Wata safiya bayan kaka ya same ni a gida a unguwar Dawaki.

"Yaya, taso ka karanta mini wani abu."

"Takarda ce?"

"Mota ce."

A hanya ya yi mini bayani. Wata fitila mai ruwan ɗorawa ce take kamawa, hotonta kamar akwati cike da ɗigo-ɗigo. In ta daɗe a kunne, sai motar ta daina karɓar totur, ta koma rarrafe da kaya a bayanta. Ta yi masa haka a hanya, ta sake yi, har mai motar ya ce in ta ƙara, ya ajiye makulli ya tafi gida. Ƙanena na da mata da yara a unguwar Malam Inna, kuma ban da tuƙi bai iya komai ba.

Na hau, na sa tabarau, na duba allon. Rubutun da ke ƙarƙashin fitilar ba Turanci ba ne.

"Ashe akwai wanda ya fi ƙarfinka," in ji shi. "A rediyo sai ka ce a gidanmu aka haifi kowane harshe."

Muka kai ta gareji. Makaniken dattijo ne daga ƙasar Tangale, ya daɗe yana gyara wa ƙanena motoci. Ya ƙwanƙwasa wani ƙaton ƙarfe da ke jikin salansa, ya ce a cikinsa akwai tukunya mai ƙananan huji da ke tace kunkunniyar hayaƙi. In ta cika, motar da kanta take ƙara zafi ta ƙone dattin.

"Amma gas ɗinmu ba irin na can ba ne, direba. A sauke ta, a ƙwaƙule cikinta, kowa ya huta."

Mai gyaran wayoyin lantarkin mota da ke maƙwabtaka da shi ya ce tukunyar lafiyarta ƙalau. Ya nuna mini wasu siraran bututu biyu da suka fito daga jikinta suka shiga wata 'yar na'ura. Ita ke auna ko tukunyar ta toshe, ya ce, kuma in bututun suka toshe, ƙarya take faɗa wa motar.

Aka kira na uku, wani Bakatsine mai kwamfuta. Ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana kallo. Ya ce kwamfutar ta nuna tukunya ta cika. Sai dai abin da ke cika ta iri biyu ne: kunkunniya, wadda wuta ke ci, da toka, wadda sai an sauke tukunyar an wanke. Ya ƙara da cewa in aka ƙwaƙule ta, ƙwaƙwalwar motar za ta gane, ta ƙi tafiya gaba ɗaya.

Na saba da labari mai kai da gindi. Na ce, "To a cikin ukun nan wanne ne?"

Makanike ya ce nasa ne. Mai waya ya ce nasa ne. Mai kwamfuta ya ce, "Wallahi, Malam, zai iya zama kowanne. Zai iya zama duka."

Sai ya juya wurin ƙanena. "Direba, takan ɗaga murya da kanta?"

"Sosai. Ina tsaye a layin lodi, sai in ji ta ƙara gurnani, zafi na tashi, da wari kamar an bar girki ya kama. Har wata fitilar daban take kunnawa."

"Sai ka yi me?"

"Sai in kashe ta mana. Ranar nan har ruwa na watsa wa salansar."

Makaniken ya zauna a kan wata taya yana dariya har da hawaye. "Ta hura wuta za ta yi shara, kai kuma kana bin ta da bokiti."

Ƙanena bai yi dariya ba. Maigidan da ya koya masa tuƙi ya hore shi da abu biyu: injin da ya ɗaga murya ba a taka shi ba, a kashe shi nan take, kuma ba a barin mota tana aiki a tayar da salla. Da waɗannan ya tuƙa tsofaffin motoci lafiya, yanzu kuma ana gaya masa su ne suka toshe wannan.

Aka yanke cewa a kai ta fili a sa ta ƙone dattin tana tsaye. Kafin mu tashi na ga mai waya ya zare bututunsa biyu yana hura musu iska. Na ce ya dakata, a gwada abu ɗaya kafin ɗaya, don mu san wanne ya yi magani. Ya ce, "Yallaɓai, gyara muke so ko labari?" Ya mayar da su.

Bayan unguwar Kagarawal muka nufa, har da masu gyaran su uku. Manoma sun tara kara ko'ina, sai da muka yi ta zagaye kafin mu sami tsandauri, domin an ce zafin da zai fito daga salansar zai iya kunna busasshiyar ciyawa. Ƙanena ya fitar da motar daga giya, ya ja birkin hannu, ya danna wani maɓalli da bai taɓa kula da shi ba. Motar ta yi shiru kaɗan, sannan ta fara ruri. Iskar da ke bakin salansa tana rawa don zafi, amma ba hayaƙi. Wani manomi ya taho da sauri da ruwa a jarka, makaniken ya tare shi ya sha fama kafin manomin ya yarda ba gobara ba ce.

Muna cikin haka aka kira la'asar. Na ga hannun ƙanena ya tafi wajen makulli, ban jin ya san ya tafi. Na riƙe shi.

"Yaya, in ta kama wuta fa?"

"Ban sani ba," na ce. Gaskiyata ke nan.

"Ku je ku yi sallarku," in ji makaniken. "Ni zan tsare muku ita, daga wuta da kuma masu kashe wuta."

Muka yi salla can gefe, tana ruri a bayanmu. Da muka sallame ƙanena ya tambaye ni ko raka'o'in sun cika, ni ma sai da na tambayi mai kwamfuta. Muka zauna muna jira. Can sai murya ta sauka da kanta. Ƙanena ya hau ya leƙa allon, ya daɗe bai juyo ba, sannan ya ce fitilar ta mutu.

Mai waya ya ce bututunsa ne. Mai kwamfuta ya ce wuta ce. Makanike ya ce mu ba ta lokaci, za mu dawo masa da tukunyar a hannu.

Ƙanena ya kai lodinsa kudu ya dawo ba ta tsaya ba, mai motar kuma bai sake zancen makulli ba. Makullin yana aljihun ƙanena har yau. Fitilar takan dawo lokaci zuwa lokaci, kuma ina ganin kamar tazarar tana raguwa, ko da yake shi ya ce ni ne nake ganin haka. In ta kama, yakan kira ni daga bakin hanya, ina jin rurin a wayarsa.

"Na sami fili, Yaya. Na bar ta tana ihunta."

"Kunkunniya ce ko toka?"

"In ta yi shiru sai in ba ka ita ku yi hira."