Lami da Hanyar da ke Ƙarƙashin Ruwa

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na bakin tafki, kudu da Wara, lokacin muna jihar Sakkwato, ya san Lami mai bandar kifi. Daga safe har yamma hannunta na cikin kifi, amma ko da wasa ba ta shiga jirgi. Mukan tsokane ta, mu ce tana cin arzikin ruwa tana gaba da shi.

Dalilinta kuwa ba na dariya ba ne. Tana goyon 'yarta Dudu aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya cinye garinsu, gida da gona da kabarin uwarta. Tun daga nan ko igiyar ruwa ta ji ta bugi gaɓa sai gabanta ya faɗi.

Wata Lahadi a coci, Tanko mai bishara ya karanta mana labarin halitta, yadda a rana ta uku Allah ya tara ruwa wuri guda, busasshiyar ƙasa ta fito. Lami ta miƙe.

"Malam, in Allah ya ware ma ruwa wurinai, wa yab ba shi izinin hawa gidan babana?"

Tanko ya ce, "Inna Lami, wanda yay yi iyaka shi yas san dalilin matsa ta. Namu dogara."

Ta zauna, amma kowa ya ga amsar ba ta gamsar da ita ba.

A daminar 1986 Dudu ta kwana biyu tana naƙuda. Ungozoma ta ce in ba a kai ta asibitin Wara kafin la'asar ba, za a rasa ta. Hanyar mota ta zama laka. Saura jirgin Maliki, masunci ɗan Argungu da ya zo bayan an yi tafkin. Duk da damina ce, lokacin tafkin bai cika ba tukuna, kututturan itatuwan tsohon garin su Lami da ke kan hanya sun matso sama, suna fasa jirage. Maliki ya ce shi sai ya kewaya ta can nesa, kuma la'asar za ta wuce.

Lami ta dubi 'yarta, ta dubi ruwa. Ta ce, "Yanke mu bi ta cikin gari. Ni na san hanya."

Ni na riƙe kan Dudu, don haka da idona na gani. Lami ta zauna a goshin jirgi, ta damƙe katako da hannu biyu. Tsoro ya kama ni, amma nata ya fi nawa.

"Maliki, aza dutsen can ga damarka. Nan kasuwa ta, akwai tsamiya ukku. Yi hagu."

Ba abin da muke gani sai ruwa ja. Ita kuwa tana ganin lungu da rumfuna. Can wani abu ya gogi cikin jirgin, ƙuuu, muka karkata. Dudu ta yi nishi. Maliki ya rage inji yana salati.

"Ɗorawar gidanmu ta, reshe ɗai na," in ji Lami, hawaye na zuba. "Ubangiji, kai kay yi ruwa, kai kay yi ƙasa. Ban gane ba, amma ga mu hannunka. Miƙe, Maliki."

Muka isa Wara rana ba ta karkata sosai ba. Aka shige da Dudu asibiti, Lami ta zube a bakin ƙofa. Bayan la'asar wata ma'aikaciya ta fito da jaririya a zane, ta ce uwa da 'ya suna lafiya.

Lami ta miƙa hannu, sai yatsunta suka ƙi buɗewa, sun sandare yadda ta riƙe katakon jirgi. Sai da na buɗe mata su ɗaya bayan ɗaya kafin ta iya karɓar jikarta.