Ruwan da Gwaggo Ta Dafa Mini

Lokacin da na yi haihuwar fari a Tudun Wada mahaifiyata ta riga ta rasu, don haka Gwaggo, yayar babana, ita ta taso daga ƙauyensu na wajen Riruwai ta zo yi mini wankan jego. Ta bar gyaɗarta a gona ba a cire ba. Ba ta da ɗa ko ɗaya, amma rabin yaran ƙauyen nan a hannunta suka faɗo, kuma duk gidan da aka yi rashi ita ce kan murhu.

Safe da yamma takan tafasa ruwa a rabin garwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa mini. Ni kuwa a lokacin malamar firamare ce, ina ji da kaina, ga baki kamar reza.

Wata yamma, wajen kwana na ashirin, ruwan ya yi zafi fiye da kullum. Na daka tsalle na ture ganyen. Maƙwabta biyu na zaune a tsakar gida suna jin komai, na ce, "Haba Gwaggo! Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, ina kika san zafin abin?"

Ta ɗebo ruwan sanyi ta sirka, ta gwada da gwiwar hannu, ta ci gaba. Haka ta cika arba'in, ko sau ɗaya ba ta canza mini fuska ba. Kullum ina cewa yau zan ba ta haƙuri, girman kai ya hana.

Ranar komawarta na raka ta tasha da jaririn a bayana. Sai da ta zauna cikin mota ta leƙo ta taga.

"'Yar nan, na haihu fa. Namiji ne, kwana uku ya yi. Uwarki ma ba a auro ta ba lokacin. Ni dai ban sami mai dafa mini ruwa ba, shi ya sa ba na son a sha kunun kanwa babu ni."

Ta faɗa tana murmushi, har tana gyara wa yaron hula. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki in ce ta yafe mini, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Ta ce amin, mota ta tashi.