Sajan Dogo Bai Jefa Ba

Ranar Lahadi mai zuwa Kawu Ishaya zai cika shekara huɗu da barinmu. Ina da shekara goma sha uku lokacin, yanzu ina sha bakwai, na yi tsawon da mahaifiyata ta ce ta daina neman sandar kaɗo mangwaro tunda tana da ni. Shi kuwa Kawu, yayanta, yana nan a raina yadda na bar shi: tsohon soja mai gwiwa ɗaya lafiyayya, ɗayar kuma mai sanar da zuwan ruwa tun hadari bai haɗu ba, zaune a bakin shagonsa na cajin waya a nan Zuru, da wata tsohuwar kwamfuta a kan cinya.

Wanda bai san unguwarmu ba sai na yi masa bayani. Muna da gasar ƙwallon kwando, amma ba mu da fili, ba mu da kwando, ƙwallon ma babu. 'Yan wasanmu duk a cikin kwamfutar nan suke zaune. Kowa da ƙungiyarsa. Kai ne koci: ka zaɓi 'yan wasa, ka raɗa musu suna, ka faɗi yadda kake so su buga, a shigar, sai na'ura ta buga wasan da kanta. Babu hoto, babu motsi. Rubutu ne kawai yake saukowa layi bayan layi: wane ya miƙa, wane ya jefa, ya shiga, bai shiga ba. Kawu ne yake ɗaukar wannan busasshen rubutu ya zuba masa rai. Sai ya gyara zama, ya kumbura murya kamar mutumin rediyo, kafin ka ankara ka ga dattijo da furfura ya miƙe tsaye yana zagin alƙalin wasan da ba a taɓa haifa ba.

Daga bariki ya zo da wasan, da kwamfutar ma. In an kunna ta sai ta yi ta nishi kamar babbar mota a hawan dutse, zafin cikinta kuwa zai gasa masara har ta ƙone. Lahadi da yamma muke zama. Kawu ne ya tsayar da lokacin: 'yan coci sun taso sun ci abinci, masu salla sun idar da la'asar, a gama kafin magariba. Malam Umaru mai shayi yana da Zakunan Ribah. Danjuma ɗan kabu-kabu yana da Guguwar Bena. Tawa sunanta Ƙudan Zuma, saboda harbi. Ta Kawu kuwa Garkuwar Dabai, ƙungiyar da tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta a saman kowa ba.

Dalilin faɗuwarta ba ɓoyayye ba ne. Kawu ya shigar wa yaransa umarni guda: kada kowa ya jefa ƙwallo in akwai wanda zai miƙa wa. Babban ɗan wasansa, wanda ya sa wa suna Sajan Dogo, ya fi kowa tsawo a gasar, in ya ɗaga hannu zai iya ajiye ƙwallo cikin kwando kamar mai ajiye ƙwarya a kan rumbu. Amma ina! Sai ya waiga ya nemi wani. Mun yi dariya har mun gaji. Na taɓa tambayarsa ko yana jin daɗin shan kashi ne. Ya ce min lokacin da yake golmo, noman da samarinmu ke yi wa iyayen yarinyar da suke nema, in ka gama kunyarka ba ka jingina da garma ka huta, juyowa kake yi ka tari wanda aka bari a baya. Na ce, "To Kawu, ai wannan gona ce." Ya ce, "Ke Ladi, bakin nan naki da ba ya hutawa, gara a ba shi aiki." Ranar ya fara koya min karanta wasa. Da ciwo ya kwantar da shi, ni ya miƙa wa kwamfutar, tun daga nan unguwa ke ce min Kwamishina.

Sau da yawa ina tunanin abin da zai ce in ya leƙo yau. Zai ga an sa sabuwar sola a shagon. Zai ga ƙungiyoyi sun ƙaru, har 'yan mata uku suna da nasu, kuma su ne ke wahalar da maza. Danjuma ba kullum yake samun dawowa daga Bena a kan lokaci ba, hanya sai a hankali, don haka yakan turo umarninsa da murya ta waya, da ƙarar babur da kukan akuya a ciki. Wannan zai ba Kawu dariya. Abin da ba zai ba shi dariya ba shi ne yaran da ke tsugune a bayan shagon suna cacar ƙwallo a waya, fuska a murtuke. A gasarmu bai taɓa yarda a sa ko ƙwandala ba, wanda ya ci kofi abin da yake samu shi ne izinin yin cika-baki har kakar wasa ta zagayo. Game da yadda nake karanta wasa kuwa, na san zai ce na cika gishiri. Ni ce na taɓa shelar cewa wani ɗan wasan Malam Umaru ya yi tsalle har ya hango kasuwar Ribah ya tambayi farashin dawa kafin ya sauko.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba: Garkuwar Dabai. Bayan jana'iza ba wanda ya kawo maganar, kawai muka bar ta a cikin gasar tana bugawa da umarnin da ya bari. Kujerarsa ta roba, mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya, duk Lahadi sai an fito da ita an ajiye, ba mai zama. Akuya ce kaɗai ta taɓa hawa, Danjuma ya ƙame ya sara mata. Kawu yana da doka cewa ƙungiyar da ta zo ƙarshe ita ke fara zaɓen sababbin yara a sabuwar kaka. Kowace kaka tasa ce ta ƙarshe, kowace kaka in na kira sunanta sai mu ɗan jira, sannan mu wuce. In ina karanta wasanta kuwa, na ga Sajan Dogo ya sake miƙa ƙwallon da ya kamata ya jefa, sai in ji kamar Kawu ne ya yi gyaran murya a bayana.

Abin da muka manta shi ne mutanen cikin kwamfuta ma suna tsufa. Ɗaya bayan ɗaya na'ura ta riƙa yi wa yaran Kawu ritaya, har suka rage biyar, daidai adadin da ke shiga fili. A watan jiya ta rubuto cewa Sajan Dogo zai ajiye wasa in an gama wannan kaka. Ƙungiyar da ba ta kai mutum biyar ba kuwa, share ta take yi, ba ta tambayar ta wane ce. Wasa ɗaya ya rage. Ko dai wani ya hau kujerar nan ya sa hannu a ƙungiyar Kawu, ko kuwa ta ɓace.

Na bi kowa. Danjuma ya ce shi ƙafarsa ba ta kai ba. Malam Umaru ya zuba min shayi, ya rage murya ya ce, "Wagga ɗiya, mi kike wahal da kanki? Ki shiga ciki ki rage mai shekaru mana. 'Yan ƙwallon gaske ma suna yi, balle na akwati."

Na san inda ake dannawa. Zan iya mayar da Sajan Dogo ɗan shekara ashirin kafin shayin ya huce. Amma Kawu ya bar soja ranar da aka ce ya bari, bai nemi mai gyara masa takarda ba, kuma na tabbata in na yi wa Sajan wannan gata, kunnena zai yi ta zafi har in tsufa.

Saboda ladabi kawai na je na gaya wa matarsa, Mama Rifkatu. Ita fa ba ta taɓa zama da mu ba. Shekara da shekaru tana bayan katanga tana dama kunu tana mita, wai Soja, haka take kiransa, ya tara ƙattai suna ihu a kan mutanen da ba su da cikin cin tuwo. Na same ta tana tankaɗe, na zayyana mata komai. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "To ni ina ruwana da mutanen akwati? Miƙo min ƙwaryar can."

Lahadi ta zo, mun taru kamar masu zaman makoki. Ina shirin kunna kwamfuta sai ga Mama Rifkatu, ko kayan zumuntar mata na coci ba ta tuɓe ba. Ta ratsa mu, ta kaɗe kujerar da gefen zani, ta zauna. Kujerar ta yi ƙara.

"Kwamishina," in ji ta, "zaɓen nan da kuke tsallakewa, ina jin ku ta katanga. Yau na zo ɗauka."

Malam Umaru, wanda da shi za a kara, ya ce ai kaka ba ta ƙare ba, doka ba ta yarda ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, tsoron tsohuwa kake ji?" Aka fashe da dariya, ya ɗaga hannu ya ce a ba ta ko goma ne. Ɗaya ta ɗauka, wani gajeren yaro mai sauri, ta sa masa suna Auta. Sannan ta ce in goge umarnin nan na miƙe-miƙe. Ta gaji, in ji ta, shekaru tana jin ana miƙa ƙwallo kamar ana rabon goro a wurin biki. Duk wanda ya samu ya jefa. Na canza wa kowa, har na iso kan Sajan Dogo. Sai ta dafa ni.

"Shi wannan bar shi. Ba ya jin magana tun asali."

Ban taɓa karanta wasa irin na ranar ba, kuma a wannan karon ban ƙara gishiri ko ƙwaya ba. Garkuwar Dabai ta riƙa jefawa kamar an kwance ta daga turke. Mama Rifkatu ta cire ɗankwali ta ɗaura a ƙugu. Masu wucewa suka tsaya, yaran bayan shago suka sa wayoyinsu a aljihu suka zagayo. Ana dab da tashi Zakunan Ribah suna gaba da maki ɗaya, sai rubutu ya nuna ƙwallo a hannun Sajan Dogo, a gindin kwando, ba kowa kusa da shi. Wasansa na ƙarshe, taɓawarsa ta ƙarshe. Kowa yana ihu, "Jefa! Jefa!" har shi Malam Umaru da za a ci.

Layi na gaba ya sauko. Da ƙyar na faɗa: ya miƙa wa Auta.

Auta ya jefa. Bai shiga ba.

Mama Rifkatu ta miƙe ta tafa hannu ta nuna kwamfutar da yatsa. "Kai, Soja! Har yanzu?" Tana dariya, hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba. Danjuma ya juya baya wai yana duba tayar babur. Malam Umaru ya ci wasa, amma ranar bai yi cika-baki ba, shayi ya dafa wa kowa. Na danna, na'ura ta yi wa Sajan Dogo ritaya, ta ƙirga Garkuwar Dabai ta samu mutum biyar, ta bar ta.

Kawu bai bar gida mai bene ba, bai bar kofi ko ɗaya ba. Kwamfutar ma wata rana za ta yi nishinta na ƙarshe, na riga na fara roƙon mai gyara ya lallaɓa ta. Shekara huɗu muna tsammanin abin da ya rage mana na Kawu shi ne kujerar da ba a zama da ƙungiyar da ba a taɓawa, muna gadinsu har suka kusa ƙarewa a hannunmu. Ashe abin da ya bari yana wajen akwatin: mai shayi da ɗan kabu-kabu da 'yar zumuntar mata da yarinya mai dogon baki, zaune a inuwa ɗaya tsakanin la'asar da magariba, kowa yana jiran ɗan'uwansa kafin a fara.

An buɗe sabuwar kaka makon jiya. Mama Rifkatu ta riga kowa zuwa, da kujerar a hannu, ta sa an sake ɗaure mata ƙafar. Da na zo shigar da umarnin Auta na tambaye ta me zan rubuta. Ta ce ya jefa, kada ya ji tsoron kowa. Na rubuta. Har na kai hannu zan rufe, sai ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya don kada Malam Umaru ya ji.

"Amma in ya ga an bar wani a baya, ya miƙa masa."

Allah ya ba ka hutawa, Kawu. Har yanzu ƙungiyarka ce ta ƙarshe, kuma ita ce za ta fara zaɓe.