Keken Awon Odessa

Duk wanda ya zauna a unguwar bayan masana'antar sukari ya san Odessa Guidry, in bai san sunanta ba to ya san kekenta. Ba na hawa ba ne. Wata 'yar taya ce guda ɗaya mai dogon mariƙi, irin wadda masu awon fili suke turawa tana ƙirga musu ƙafa. Mace ta haura sittin, ga ciwon gwiwa, amma da ta ji ƙishin-ƙishin za a buɗe wani abu na yara a kusa, sai ka gan ta bakin titi tana tura abin nan, leɓɓanta na motsi.

"Sista Odessa, yau kuma gonar wa za a raba?" in ji mazan da ke zaman banza a ƙofar shagon aski.

"Ta kakanku," take cewa, ko ɗago kai ba ta yi.

Sun san dalili sarai, tsiya ce kawai. Ƙanenta Wendell, lokacin yana tuƙa motar mawaƙan cocinsu, ya ci zarafin wata yarinya 'yar sakandare mai suna Denise. Odessa ba ta taɓa cewa sharri aka yi masa ba. Ya aikata, an ɗaure shi, ya fito da furfura. Sai dai a jiharsu fitowa daga kurkuku ba ta rufe magana. Sunansa na cikin rajistar masu irin wannan laifi, da hotonsa da inda yake kwana, kowa na iya dubawa. Lokaci-lokaci sai ya kai kansa ofishin 'yan sandan gunduma sun gan shi ido da ido. Sannan ba shi da ikon zama a gidan da bai kai ƙafa dubu daga makaranta, ko filin wasan yara, ko gidan renon yara ba. In ya zauna, kurkuku zai koma.

Uwarsu, tana kan gadon mutuwa, ta riƙe hannun Odessa ta ce, "Na san abin da ya yi. Amma kada ki bari ya kwana ƙarƙashin gada." Tun daga ranar Odessa ba ta sake samun barci mai daɗi ba.

Gidan gadonsu baya da baya yake da firamaren da ta yi rayuwarta tana dafa wa yara abinci, dole ta sayar. A gida na biyu ta yi wautar da har yau take cizon yatsa a kai. Ta auna daga ƙofarta zuwa makarantar da ke kusa tana bin titi, da kwanarsa da komai, ta samu dubu har da ɗori, ta yi rawa a falo. Ashe su hukuma daga shinge zuwa shinge suke ja, miƙe ɗoɗar, ba ruwansu da kwana. Suka zo suka ce a tashi. Tun daga nan in za ta yi awo, ta cikin bayan gidajen mutane take ratsawa, tana ba karnuka haƙuri.

Gida na uku, wanda suke ciki, yana ƙarshen layi, jikin gonar rake. Sauro kamar ya ɗauke mutum, amma babu makaranta, babu lilo, ga 'yarta Charmaine a farkon layin. A nan ne ta fara yin 'yar ƙiba.

Wata Litinin ta ɗora jan wake a wuta, kamar kowace Litinin, sai Wendell ya shigo ya tsaya bakin kicin yana murza hularsa.

"Yaya, na ga mota tana sauke kaya a gidan Charmaine."

"To sai me? Mutum ba zai sayi kujera ba?"

"Ƙananan kujeru ne, Yaya. Masu yawa. Da lilo."

Ta ajiye ludayi, ta jawo keke daga bayan ƙofa. Ta san amsar tun kafin ta fita, amma ta tura, ta shingen wannan ta bayan gidan wancan. A shingen Charmaine lambar ta tsaya ɗari bakwai da 'yan kai.

Ta tarar da 'yarta a tsakar gida tana shafa wa katanga fenti rawaya.

"Charmaine, me nake gani haka?"

"Gidan reno zan buɗe, Mama. Izini ya fito. Farkon wata za mu fara."

"Ke, kin san abin da wannan yake nufi kuwa? Kawunki fa!"

"Na sani. Ni ma na auna."

"Kin auna? Kin auna kuma kika..." Ta matso kusa da ita. "Ina kike so in kai shi? Garin nan kaf na tura keken nan, babu sauran wuri. Ki tausaya mini, 'yar nan. Ki nemi wani gidan mana."

Charmaine ta sa buroshin cikin bokiti. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata Odessa.

"Denise ta dawo gari, Mama. Uwarta ba lafiya. Tare za mu buɗe, ni da ita. Kin manta ajinmu ɗaya? Kin san tun da ta dawo ba ta shiga kanti sai ta leƙa motocin da ke waje, ko yana ciki? Ta bar cocinmu. Layin nan ma ba ta iya shigowa sai na tare ta a bakin titi. Ita ma awo take yi kullum, ita dai ba ta da keke."

Kunya ta kama Odessa, tsoro kuma bai sake ta ba. Duk shekarun nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar inda Denise take kwana ba.

"Ba korarsa nake yi don mugunta ba," in ji Charmaine, idonta ya kawo ruwa. "Amma wannan karon shi zai matsa."

Odessa ba ta koma gida ba, ko da yake ta san waken na can yana kamawa, Wendell kuma na tsaye bakin taga yana jiran lamba. Ta mayar da ƙirgen keken sifili, ta jingina tayar da shingen 'yarta, ta fara turawa, wannan karon tana neman inda dubu za ta cika. Ta wuce gidanta ba ta waiwaya ba. Ta bi gefen gonar rake, gwiwarta na zogi, tana addu'ar ko rumfa ce ta gani, ko tsohon ɗakin kwana mai taya da za a ba su haya.

Babu komai sai rake. Da lambar ta cika dubu ta ɗago kai, sai ga ta tsaye a gindin gadar da ta haye magudanar ruwa.