Buzun Baba da Kujerata

Baba ba ya durƙusa wa kowa a soron basaraken da muke yi wa aiki, kuma ba girman kai ne ya hana shi ba. Gwiwarsa ta dama ce ta sandare tun ina ƙarami, sanyin ƙashi ya cinye ta, har sallah ma a zaune yake yin ta, ya miƙe ƙafar gaba. Tsohon basaraken, wanda Baba ya yi wa aikin magatakarda tun kafin a haife ni, shi da bakinsa ya ce a shimfiɗa masa buzu a hannun dama, dab da shimfiɗarsa.

Wanda bai san soron fadanci ba zai ɗauka buzu fatar rago ce kawai. A wannan soron, inda ka zauna shi ne kai. Kowa ya zo sai ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shigo ya zube a gwiwoyinsa, ya dunƙule hannu ya yi jinjina, ya ce "Ranka ya daɗe." Ba zai motsa ba sai fadawa sun amsa masa da "An gaishe ka," sannan ya ja jiki ya koma inda matsayinsa ya kai. Talaka a kan ƙasa, dagatai da masu unguwanni a kan tabarma. Buzu na mutum biyu ne kacal, liman da Baba. Shi Baba in ya shigo, sai ya dogara sandarsa, ya ɗan rusuna, ya yi gaisuwa, ya zauna abinsa.

Ni kuwa na gama makarantar Midil a shekarun da aka fara hayaniyar zaɓe, Turawa na nan ba su tafi ba. Aka ɗauke ni malamin ofis a gidan, ina rubutun boko, Baba na ajami da Larabci. Ɗakina daban yake a gefen soro, da tebur da kujera ta katako. Kullum da safe tare muke fitowa daga gidanmu na Zaitawa, mu bi ta Jakara, ina rage sauri saboda shi, yana tsayawa gaisawa da dukawa da masu rini kamar ba aiki za mu ba.

Da tsohon ya rasu, aka naɗa ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Ba zan kama sunansa ba, ba don kara ba, sunan ne ba na son ji a bakina. Mutum ne gajere mai son dogon rawani, in yana magana ba ya kallon fuskarka, sai ƙafafunka. Baba ne ya koya masa karatun allo. An ce lokacin da ake neman wanda zai gaji gidan, wani ya tambayi Baba ra'ayinsa, ya ce wan mutumin nan ya fi shi haƙuri. Maganar da bai kamata ta wuce zaure ba sai ga ta har kunnen mutumin, ya kuwa riƙe ta kamar ya samu gado.

Abu na farko da ya yi shi ne ya sa aka ɗauke shimfiɗar mahaifinsa, aka kawo masa wata kujera mai hannuwa, wai saboda Turawa masu zuwa. Da ya hau ta sai kowa ya koma ƙasa da shi, har liman. Muka ce sarki goma zamani goma, muka sa ido.

Ran nan aka kawo wasiƙa daga wani ƙauye, Baba yana karantawa daga buzunsa kamar yadda ya saba. Sai mutumin ya ce, "Malam, ba na ji. Matso nan." Baba ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa har gaban kujera, ya ƙarasa karatun a tsaye. Yana juyowa ya tarar da ƙasa fayau. Sarkin gida, wani bafade mai jajayen haƙoran goro wanda ba ya dariya sai in wani zai sha kunya, ya riga ya naɗe buzun ya miƙa ta ƙofar baya. Ina leƙe daga bakin ofishina. Liman ma sai ya duƙufa jan carbi.

"Malam," in ji sarkin gida, "ai ana gaisuwa kafin a zauna."

Baba ya dube shi, ya dubi kujera. Mutumin ya ɗaga hannu kamar mai yin alfarma, ya ce, "Ku bar shi yau." Haka Baba ya tsaya a kan sandarsa har aka tashi fadanci.

Bayan la'asar wani aminin Baba ya zo gidanmu, wani Alhaji mai sayar da kayan ƙamshi a kasuwar Kurmi. Ya daɗe a Makka yana zaman neman abinci kafin ya dawo, don haka ba a kawo zance a duniya ya rasa abin ƙarawa. Da ya ji abin da ya faru sai ya tafa hannu.

"Wallahi Malam, tsohuwar dabara ce! A Makka na yi maƙwabtaka da wani dattijo mutumin ƙasar Sin, shi ya ba ni labari. Ya ce a ƙasarsu, da can, sarki da waziransa duk a tabarma suke zama, fuska da fuska. In sarki na son shawara har ɗagowa yake yi a kan gwiwoyinsa don girmama waziri. Sai aka yi wani sarki, ya ce da babban wazirinsa idona ba ya gani sosai, kawo takardar kusa. Waziri na tashi aka janye mazauninsa. Daga ranar waziran Sin a tsaye suke magana."

"To, ai ni ma na tsaya," in ji Baba.

"Ba ka ji ƙarshen ba. Na bayansu suka ga tsayuwar ma ta yi yawa. Ya ce shi da ya buɗe ido, kakanninsa a durƙushe suke gaban sarki, suna buga goshi da ƙasa har sai an ji ƙara. Ka ga abin daga zama yake farawa."

Ni abin bai ba ni dariya ba. Na ce, "Baba, ka ajiye aikin nan. Ina samun abin da za mu ci. Samarin gari yanzu ko takalmi ba sa tuɓewa, kai da furfurarka za ka je wannan ya wulaƙanta ka?"

Ya harare ni. "Ba da kai ake magana ba. Abincin gidan sarautar nan ne ya gina ka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Ba gajiyawa ba ne ga mai gwiwa," na ce. Ya yi kamar bai ji ba.

Amma washegari bai fita ba, ya ce in faɗa musu ƙafar ta tashi. Ya yi kwanaki a gida, har na fara murna, ina cewa ko ya ji maganata ne yana jin nauyin faɗa.

Ana nan sai sarkin gida ya shigo ofishina da yara, ya ce maigida ya ce a mayar da teburina cikin soro, yana son a riƙa rubuta ƙararraki a gabansa yadda ake yi a ofishin Turawa. Aka ajiye tebur da kujera a hannun dama. Na yi gaisuwa yadda kowa ke yi, aka ce in hau in zauna. Ban kawo komai a raina ba, sai da na ji sarkin gida ya leƙa waje ya ce, "Malam ya shigo." Ashe tun da sassafe, bayan fitowata, sun aika wa Baba ya zo.

Na ga inuwar sandar kafin in gan shi. Na zabura zan miƙe, don ɗan halak ba ya zama a kujera ubansa na tsaye.

"Zauna," in ji mutumin, yana kallon ƙafafuna. "Malamin ofis ba ya tashi yana kan aiki. Ko ba haka Turawa suka koya muku ba?"

Baba ya yi mini wani kallo mai nufin kul. Na koma na zauna, kujerar kamar an zuba mata garwashi.

Ya jingine sandarsa a bango. Ya fara sa gwiwar hagu, mai lafiyar, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Sannan ya kama ta daman da hannunsa yana lanƙwasa ta da ƙarfin tsiya, yana cije leɓe. Na ji ƙarar da ta yi, kowa ma ya ji. Ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ranka ya daɗe."

Fadawa suka yi shiru. Sarkin gida, wanda shi ke fara cewa an gaishe ka, ya ɓare goro ya jefa a baki. Shi kuwa mai kujera sai ya juya ya shiga tambayar wani dagaci labarin farashin gyaɗa, daga nan suka koma kan wata rijiya da ta rufta, daga nan kan tayar motarsa. Baba na durƙushe a tsakiyar soro, hannunsa a sama. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, yana ɗiga daga gemunsa. Hannun ya fara sauka, ya sake ɗaga shi. Ni kuma ina sama da shi a kan katako, da alƙalami a hannu.

Na tsani mutumin nan a lokacin, tsanar da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba, kuma har yau da na tsufa ba ta ragu ba.

Na yar da alƙalamin, na ture kujera ta faɗi. Na je na sa hannuwana a hammatar Baba na ɗaga shi cak. Ban san ya rame haka ba.

"Kai! Hattara!" fadawa suka ɗauka gaba ɗaya.

Na ce, "Wannan tsohon a haife ya haife ka. Shi ya ɗora maka alƙalami a hannu. Ka ji tsoron Allah." Na faɗa masa ne ina kallon tsakiyar idonsa, ba ranka ya daɗe, ba komai. Sannan na juya masa baya, abin da ko liman ba ya yi, na fita da Baba ba tare da an sallame mu ba. Sandarsa ma a can muka baro ta.

Muna fita ya fizge hannunsa. Haka ya riƙa bin bango yana ɗingishi tun daga nan har Jakara, in na matso ya ce in ba shi wuri. Masu gaishe shi suna gaishe shi, yana amsawa lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Sai da muka shiga zaurenmu ya zauna ya miƙe ƙafar, ta kumbura kamar tulu.

"Wa ya aike ka?"

"Baba, kashe ka zai yi."

"Na ce wa ya aike ka? Sau ɗaya yake son ya gani. Da ka kama bakinka, da yau an gama, ya huce, ya bar ni in koma gefe. Yanzu ka ba shi abin da bai da shi. Ka zage shi a gaban fadawansa, ka ba shi baya kamar ɗan da ba a haifa a gida ba. Gobe duk Kurmi za a ce ɗan Malam ba shi da tarbiyya."

"Su faɗa mana! Ni ba zan koma ba."

"Za ka koma. Kana tsammani korarka kawai zai yi? Wanda ya zagi basarake a soronsa, ka san inda yake kwana."

Na sani. A shekarun nan an ɗaure samari a kan abin da bai kai wannan ba. Duk da haka ban ga laifina ba, kuma har gobe ban gani ba. Na ji haushin Baba a ranar kusan yadda na ji haushin wancan, don shi ake yanka amma shi ke gyara wa mahauci wuƙa.

Da gari ya waye Baba ya ari sandar maƙwabci, ya ce in biyo shi, in tsaya a waje har sai an kira ni. Tafiyar ta ɗauke mu ninkin yadda muka saba. Daga bakin ƙofa na ga ya sake yin yadda ya yi jiya, da ƙafar da ko taka ta ba ya iyawa. Wannan karon bai tsaya a jinjina ba, har ya kai goshinsa kusa da ƙasa.

"Ranka ya daɗe, na zo ba da haƙuri ne. Yaro ne, ƙuruciya ce. Laifin nawa ne, ni ban kwaɓe shi ba. A dubi furfurata a yafe masa."

Mutumin ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa tun da aka naɗa shi. "Haba Malam, ai ɗanka ɗana ne. Ya shigo."

Na shiga. An tayar da kujerar, an goge teburin, alƙalamina na kai. Na tsaya ƙiƙam, gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa. Baba ya ɗago daga ƙasa ya dube ni, idanunsa sun yi ja, ya ce a hankali, "Gaida maigida."

Na durƙusa kusa da shi. Kafaɗata na gogar tasa, ina jin yadda duk jikinsa ke karkarwa. Na ɗaga hannu, na faɗi abin da ake faɗa.

"An gaishe ka," in ji fadawa, tun kafin in rufe baki.

"Tashi ka hau kujerarka, aiki na jira," in ji mutumin. Sannan ya dubi Baba. "Malam, kai ɗan dakata tukuna."

Na tashi na hau kujerar na ɗauki alƙalami, Baba yana nan durƙushe a ƙasa.