Carbin Inna

Shekarar da gulbi ya janye har masu lambun Gamkalley suka riƙa ƙetare shi da ƙafa, ni ina tsare a ɗaki guda cikin unguwar Kalley da uwar mijina, Inna, ciwo ya kwantar da ita. Maigida direban kamiyo ne, babbar motar kaya, sojoji sun ɗauke shi yana kai jar dawar taimako can bayan Tahoua. Ba ya dawowa sai da takardar izini, ita kuwa ba a ba da ita sai da babban dalili.

Ban yi boko ba, amma kunnena ba ya barci. Ran da likita ya duba Inna, ya faɗa wa abokin aikinsa wata kalma da Faransanci. Ban san ta ba, na dai ji yadda ya sauke murya, kamar mai sauke tulun da ya tsage. Maƙwabciyata, matar wani ma'aikaci, ta ce ana faɗinta ga abin da ya kusa ƙarewa, ko mutum, ko kasuwa, ko rijiya.

To mu ina muka ga bakin faɗin haka? In an ce ya jiki, sai da sauƙi, ko da numfashi ya rage a wuya.

Duk Juma'a abokin maigida, shi ma direba, yakan biyo ya karɓi saƙo.

"Matarmu, me zan gaya wa angon naki? Ko in ce kin yi ƙiba da ba ya nan?"

Kafin in buɗe baki Inna ta amsa daga ɗaka: "Ce masa da sauƙi. Kada ya bar mutane da yunwa saboda tsohuwa."

Sau biyu haka. Ko kasuwar Petit Marché na daina zuwa, sai aike. In dama fura, ta wuni cikin ƙwarya, in zubar. Ina kallon ƙofa, ƙofa na kallona.

Juma'a ta uku Inna ba ta iya ɗaga murya. Abokin ya tambaye ni, wallahi harshena da kansa ya ce da sauƙi. Ya miƙe zai tafi. Na ce ya dakata. Na shiga, na kama carbin da ba ta taɓa rabuwa da shi ba tun da na zo gidan. Ban ja ba. Ita ta buɗe yatsunta.

"Kai masa wannan."

Ya dube shi, wasa ya ƙare. "To, na ji," ya ce, ya sa shi aljihun gaba.

Daga baya maigida ya ce mini da ya je neman izini, babban sojan ya tambaye shi me mutanen gida suka ce. Ya ce sun ce da sauƙi, ya ajiye carbin bisa tebur. Mutumin ya dubi carbin, ya sa hannu a takarda.

Rana ta huɗu maigida ya iso, ko takalmi bai tsaya cirewa da kyau ba. Ya durƙusa.

"Inna, ya jiki?"

Leɓenta ya motsa. Ni kaɗai na ji, na maimaita masa: "Ta ce da sauƙi."

Washegari bayan la'asar ta cika, carbin na hannunta, hannunta na cikin nasa.