Ƙwaro Mai Ludayi Biyu

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata a Madarumfa, ba zan manta da ranar da aka wanke Baba daga zargin ƙarya ba.

Babana manomi ne mai son hira. Labarin da ya fi maimaitawa shi ne, wai yana yaro ya ga wani ƙwaro kamar mazari, amma fukafukansa na baya dogaye ne sirara kamar zare, ƙarshen kowanne ya buɗe kamar ludayi. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa, sai aka maida zancen abin tsokana. In wani ya zuga ƙarya a majalisa, sai a ce, "Wannan ai ƙwaron Malam ne." Har Inna takan ce, "Malam, mu dai ba mu sha fura da ludayin nan naka ba." Yakan yi dariya, amma yanzu na san abin yana cinsa a rai.

Wata kaka cikin shekarun casa'in, ina ƴar lakwal, wato makarantar boko, yanar ido ta rufe wa Baba gani har ya daina zuwa gona. Ina roron wake a gonarmu ta hanyar Safo, sai ga wani abu ya sauka kan furen ciyawa, yana jan ludayi biyu a baya. Na juye waken a ƙasa, na kifa masa ƙwarya, na zura faifai ta ƙasa, na nufi gida ina sanɗa.

Inna ce ta fara leƙawa. Sai ta ce, "Malam, yafe mini. Ga ludayinka sun zo."

Baba ya kai fuskarsa har bakin ƙwaryar, bai ga komai ba. Ya ce, "Ɗiyata, faɗa mini yadda yake." Na fara kwatantawa, ya riga ni: "Akwai ɗan fari a ƙarshen ludayin?"

"Akwai, Baba."

Sai hawaye suka biyo gemunsa.

Inna da kanta ta kira tsofaffin majalisar. Suka leƙa ɗaya bayan ɗaya suna salati. Wani ya ce a soke shi da ƙaya a adana, Baba ya hana. "Ya zo ya ba da shaidarsa, ku bar shi ya koma gida."

Na ɗaga faifan, ya tashi a hankali ya haye danga. Ban sake ganin irinsa ba, Baba kuma bai kai wata kakar da rai ba. Tun ranar na daina ƙaryata mutum don kawai ya ga abin da ni ban gani ba.